Ina aya ta 21 ta tafi? Amsa ga wani tela daga Garwa

Tambaya: "Baba Malam, ina gaisuwa. Ni tela ne a unguwar Yelwa, nan Garwa. Ran Laraba muna nazarin Matiyu sura 17, dattijonmu yana riƙe da tsohon Littafi Mai Tsarki nasa, juyin Faransanci na Segond, ni kuma ina bi a waya da wani juyin Faransanci dabam. Ya karanta aya ta 21, wadda ta ce irin wannan aljani ba ya fita sai da addu'a da azumi. Na duba wayata, daga 20 sai 22. Abokina da muke shago ɗaya Musulmi ne, mutumin kirki, ya daɗe yana ce mini an canza littafinmu, ina ta musu. Yanzu bakina ya mutu. Wa ya cire ayar? Kuma da wanne zan dogara, na Hausa, na Fulatanci ko na Faransanci, tunda ko sunaye ba ɗaya ba ne?"

Amsa: Ɗana, ina amsawa, Allah ya sa wa sana'a albarka. Ba wanda ya cire ayar nan. Ƙara ta aka yi tun da daɗewa, masu juyin da ke wayarka kuma suka mayar da ita ƙasan shafi. In ka duba da kyau, galibi akwai 'yar alama a ƙarshen aya ta 20, ka taɓa ta bayani zai fito.

Ga yadda abin ya faru. Kafin injin ɗab'i ya zo a wajen 1450, da hannu ake kwafe littafi, harafi bayan harafi, shekara fiye da dubu. Mai kwafe Matiyu ya haddace Markus, kuma a Markus 9:29 labarin yaron nan mai farfaɗiya ya ƙare da maganar addu'a. Sai wani ya rubuta ta a gefen shafin Matiyu, ko hannunsa ya bi abin da ke kansa, na bayansa kuma ya shigar da ita cikin layi. Manyan kundaye biyu na ƙarni na 4, wanda aka samo a gidan sufaye na gindin Dutsen Sina'i da wanda ke ajiye a Batikan, ba su da ita a rubutunsu na asali. Lambobin ayoyi kuwa sai a 1551 wani mai ɗab'i Bafaranshe, Robert Estienne, ya sa su, a kan kwafin da ke da ayar. Shi ya sa ka ga giɓi. Ko a kasuwa, in aka rushe shago mai lamba 21 ba a bin na 22 a sake masa lamba.

Akwai 'yan'uwan wannan aya, gara ka ji su daga bakina. Yahaya 5:4, mala'ikan da ke motsa ruwa. Ayyukan Manzanni 8:37. Sai manya guda uku. Markus 16:9-20 babu shi a waɗancan kundaye biyu, ko da yake Ireniyus, wani bishop na ƙarni na 2, ya ambaci aya ta 19, wato tsoho ne ƙwarai amma da wuya ya zama daga alƙalamin Markus. Labarin matar da aka kama da zina, Yahaya 7:53 zuwa 8:11, babu shi a kwafe-kwafen Yahaya mafiya tsufa, a wasu ma cikin Luka aka same shi, bayan 21:38, kamar baƙon da ke neman masauki. Ina ƙaunar labarin nan, ina kuma wa'azi da shi, amma ba na ɓoye wa ɗalibaina tarihinsa. Na ukun shi ne 1 Yahaya 5:7, inda wasu tsofaffin juyi suka ambaci Uba da Kalma da Ruhu suna shaida a sama. Daga Latin jimlar ta shigo. Erasmus, wanda ya fara fitar da Sabon Alkawari na Helenanci, harshen Girkawa da aka rubuta shi da shi tun asali, a ɗab'i a 1516, bai sa ta ba sai a bugu na uku, 1522, bayan an yi masa ca. Lura da wannan: jimlar tana goyon bayan koyarwar Triniti, wato Allah ɗaya cikin uku, sarai, duk da haka masana Kirista da kansu suka fitar da ita daga nassi, domin shaidar tsofaffin kwafi ba ta tare da ita. Mai shirin maguɗi ba ya zubar da abin da ya fi yi masa amfani.

To yaya aka gane duk wannan? Ka ɗauka ka rubuta awon babbar riga a takarda, yara goma na shago suka kwafa kowa a littafinsa, takardarka kuma ta ɓata. Ɗaya ya rubuta 45 a inda tara suka rubuta 54. Ba sai ka kira mai riga ba, ka san wanda hannunsa ya zame. Da yaro ɗaya ne kawai ya kwafa, ba za ka ga saɓani ko ɗaya ba, amma da ka yanka yadin mutane a banza ba ka sani ba. Halin Sabon Alkawari ke nan. Takardun da manzanni suka rubuta da hannunsu babu su, kada ka bari kowa ya ce maka akwai. Abin da muke da shi kwafi ne na Helenanci kusan 5,800, wasu cikakku, wasu guntaye, ban da dubbai na Latin da na Siriyanci da na Kibɗawan Masar da na Habasha. Wanda aka fi ɗauka mafi tsufa guntu ne da bai kai tafin hannu ba, daga Yahaya sura 18, an samo shi a Masar, yana Manchesta ta Ingila, ana kuma sa shi a ƙarni na 2.

Za ka ji an ce saɓanin da ke tsakanin kwafe-kwafen ya kai dubu ɗari uku zuwa ɗari biyar, alhali kalmomin Sabon Alkawari gaba ɗaya wajen dubu 138 ne. Ƙiyasin masana ne, ba ƙarya ba ne. Sai dai duk harafin da ya kauce a kwafi ko da guda ɗaya ana ƙirga shi, mafi yawansu kuwa kuskuren haɗa baƙi ne, ko sauya jerin kalmomi, abin da ko fassaruwa ba ya yi. Waɗanda ke taɓa ma'ana kuma har yanzu ake gardama a kansu kaɗan ne. Misali, 1 Tasalonikawa 2:7. A da can ana rubuta Helenanci da manyan baƙaƙe a manne, ba tazara tsakanin kalmomi. Kalmar "masu taushin hali" ita ce epioi, ta "jarirai" kuma nepioi, kalmar da ke gabansu da harafin n ta ƙare. Bulus ya ce mun zama masu taushin hali a cikinku, ko mun zama jarirai? Harafi ɗaya ne, har gobe masana ba su gama ba. Irin girman matsalar ke nan a mafi yawan lokuta.

Tsohon Alkawari da Ibrananci aka rubuta shi, sai wasu surori na Daniyel da Ezra da ke Aramiyanci. Cikakken kwafin Ibrananci mafi tsufa, wanda ake kira kundin Leningrad, na wajen shekara ta 1008 ne. A 1947 makiyaya suka yi tuntuɓe da tuluna a kogunan Kumran, kusa da Tekun Gishiri, cikin abin da aka fitar har da naɗaɗɗen littafin Ishaya cikakke, wanda ya girmi kundin Leningrad da fiye da shekara dubu. Aka gwada su, surori 66 ɗin nan dai su ne, bambancin galibi na rubutu. Amma kogunan sun nuna wani abu kuma da masu wa'azi ba su cika faɗa ba: littafin Irmiya ya yi yawo a siga biyu, doguwa da gajeriya, kuma a wani kwafin Sama'ila tsawon Goliyat kamu huɗu da taƙi ne, ba shida da taƙi ba. Har ila yau, ba wasali ake rubuta Ibrananci a da, kamar allon da ba a yi wa wasali ba tukuna. Baƙaƙe uku a Farawa 47:31 suna iya zama "gado", suna iya zama "sanda". Malaman Yahudawa da suka sa wasali sun ce Yakubu ya sunkuya a kan gado, tsohuwar fassarar Helenanci ta ce sanda, ita kuma Ibraniyawa 11:21 ta bi.

Yanzu batun juyi. Mutane da yawa suna zaton daga Helenanci aka juya zuwa Latin, daga nan Faransanci, sannan Hausa, kowane mataki ana zubar da wani abu kamar ruwa a tulu mai yoyo. Ba haka ake aikin ba a yau. Kwamitin fassara yana komawa ga Ibrananci da Helenanci ne, ko da yake ba zan musa ba, ana ajiye juyin Faransanci ko na Turanci a gefe ana leƙawa, wani lokaci fiye da kima. Segond na dattijonku ya fito a 1880, aka sake duba shi a 1910. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fara fitowa a 1932, bayan aikin Dokta Walter Miller na Zariya da abokan aikinsa, wani sabo ya biyo a 1979. Deftere Allah ta Fulatancin nan Kamaru ta fito a 1983. Kowanne da zamaninsa da mutanen da aka nufa. Yahaya da Yohanna mutum ɗaya ne. Almasihu daga Ibrananci ta biyo ta Larabci, Kiristi daga Helenanci, ma'anarsu ɗaya, shafaffe.

Wani wuri ma Hausa ta fi Faransanci kusa da asali. Ibrananci yana bambanta kai da ke, kamar mu, har ɗafin "-ka" na gidanka ya yi kama da nasu, don dangin harshe ɗaya ne. A Waƙar Waƙoƙi, Bahaushe yana jin ko ango ake wa magana ko amarya, mai karanta Faransanci kuwa "tu" kawai yake gani. Fulatanci kuma yana da nasa nauyin: "mu" biyu gare shi, enen da ya haɗa da wanda ake wa magana, da minin da ya ware shi. Helenanci ɗaya gare shi. Da almajirai suka tashe Yesu a jirgi suka ce za mu hallaka, Markus 4:38, har da shi suke nufi ko ban da shi? Na taɓa ganin dattawa sun kwashe rabin yini a kan irin wannan, shayi ya huce ba wanda ya kula. Dole mai fassara ya zaɓa, zaɓinsa kuma na ɗan adam ne, yana iya kuskure. Saboda haka shawarata, ka riƙe wanda ya fi shiga zuciyarka don karatun kullum, in aya ta yi nauyi ka buɗe sauran biyun. Kai da kake da harsuna uku ka fi yawancin Turawa gata a nan.

In ka ga na 'yan Katolika yana da littattafai 73, naku 66, bakwai ɗin na Tsohon Alkawari ne, irin su Tobit da Makabiyawa, gardamarsu kuma tsohuwa ce a fili. Sabon Alkawari 27 ne a wurin kowannensu.

Abokinka kuwa, kada ka mayar da shago filin dambe. Ka amsa masa abin da yake gaskiya: masu kwafi sun yi kurakurai, wasu sun yi ƙari. Sannan ka tambaye shi a hankali, canjin da yake nufi yaushe aka yi shi, a ina? Ikilisiyoyin Masar da Siriya da Habasha sun rabu da ta Rum tun ƙarni na 5, suka daɗe ba sa ga maciji da ita, kowacce da nata kwafi a nata harshe, amma gicciye da tashin Almasihu suna cikin dukansu. Iyakar abin da tsofaffin takardu za su iya nuna maka ke nan, wato abin da aka rubuta tun farko. Ko abin da aka rubuta gaskiya ne, wannan maganar bangaskiya ce, a nan ne kai da shi kuka bambanta, kuma kundi ba zai raba muku gardama ba.

Kundin Sina'i an ɗora hotunansa a intanet tun 2009, kyauta. Wata rana in an ɗauke wuta, keke ya tsaya, ku nemi Matiyu 17 ku duba tare. Ba sai kun iya Helenanci ba, za ku ga inda wani mai gyara na baya ya ƙara ayar taka da nasa alƙalami.