Hukuncin sayen matokarin mota a gwanjon intanet

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni makaniki ne, ina da yara da ke koyon aiki a hannuna. Na ga an sa ƙarafan nan da ake tokare mota da su bayan an ɗaga ta da jak a gwanjon intanet, guda huɗu, na hannu, da araha. An sake musu fenti, takardar da ke jikinsu ta goge, kuma mai su ya rubuta cewa in ka saya ba mayarwa. Ya halatta in taya? In na ga aibi daga baya ina da hakki?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah Ya sa albarka a sana'arka, ɗan'uwa.

Gwanjo halal ne a wurin jumhur, wato mafi yawan malamai, kuma Majalisar Fiƙihu ta Duniya ta tabbatar da haka a zamanta na Brunei a 1993. Ƙara tayi a kan na wani kafin a sallama bai shiga hanin taya a kan tayin ɗan'uwa ba, ko da a daƙiƙar ƙarshe ka jefa naka. Najashi ne haramun, wato mai kaya ya sa abokinsa, ko ya buɗe wani asusu da wani suna, yana ƙara farashi ba da niyyar saye ba. Kuma in tayinka ya ci, ya lizimce ka.

Abin da ya tsayar da ni a tambayarka shi ne takardar da ta goge. Malamanmu sun halatta sayen abin da ba ya gabanka bisa siffa, da sharaɗin a bayyana siffar da ake sayen abin dominta. Ba don launi ake sayen matokari ba, don nauyin da zai ɗauka ake sayensa, kuma wannan takarda ce ke faɗin tan nawa ne, wane kamfani, wace lamba. In babu ita, kuma ba a buga lambar a jikin ƙarfen ba, siffar ta zama majhula, wato ba a san ta ba, garari (rashin tabbas a ciniki) ya shigo a inda ba a yafe shi. Don haka kada ka taya sai mai kayan ya kawo hujja a kan nauyin da lambar. In ya kasa, ka bar su.

Lambar tana da wani amfani. A 2020 kamfanin Harbor Freight na Amurka ya janye matokarai sama da miliyan 1.7 masu sunan Pittsburgh, na tan 3 da na tan 6, saboda harshen ƙarfen da ke kama haƙoran sandar da motar ke zama a kai ba ya shiga sosai, mota na motsawa sai ya zame. Waɗanda aka bayar a madadinsu ma an janye wasu a shekarar saboda waldarsu. Ba duka aka mayar ba, kuma da lamba ake gane su. Wanda ya san nasa na cikinsu ya shafe lambar ya sayar, ya ci haram.

Sai maganar "ba mayarwa". Wannan shi ne sharaɗin barranta daga aibi. Hanafiyya sun ce yana wanke mai sayarwa daga kowane aibi, ya san da shi ko bai sani ba, domin mai saye ya yafe hakkinsa da bakinsa. 'Yan gwanjo da yawa da wannan suke fakewa, kuma ban ga ƙarfinsa ba. Imam Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa cewa Abdullahi ɗan Umar ya sayar da bawa a kan dirhami 800 da sharaɗin barranta, mai saye ya ga ciwo a jikinsa, aka kai ƙara gaban Usman ɗan Affan. Usman bai ce sharaɗi ya rufe magana ba. Cewa ya yi Ibn Umar ya rantse bai san da ciwon ba lokacin ciniki. Ibn Umar ya ƙi rantsuwa, ya karɓi bawansa. Da sanin mai sayarwa ba ya canja hukunci, me ya kawo rantsuwa? Sannan yafewar da Hanafiyya suke magana, mutum ya yafe abin da ya ɗauka shi da abokin cinikinsa duka ba su sani ba, bai yafe a yaudare shi ba. Hadisin Uƙbatu ɗan Amir ya hana Musulmi sayar wa ɗan'uwansa abu mai aibi sai ya bayyana masa, kuma layi ɗaya da aka rubuta a ƙasan hoto ba bayani ba ne. Malikiyya ma sun fi haka ƙuntatawa: a mashhurin mazhaba sharaɗin ba ya aiki a kaya irin waɗannan. Saboda haka in ka tarar da tsaga a ƙarƙashin sabon fenti, kana da hakkin mayarwa. Don ka iya kama hakkin naka, ka biya ta cikin shafin gwanjon, kada ka yarda a ja ka waje, ka kuma ajiye hotunan tallan.

Amma hakkin mayarwa na mai rai ne. Ka ce kana da yara, kuma na san ba kai kake yawan kwanciya a ƙarƙashin mota ba, su ne. Iyayensu amana suka ba ka. In ka san matokari abin shakka ne ka tura yaro ƙarƙashi ya faɗo masa, ba za ka ce ƙaddara kawai ka wuce ba; sakaci yana jawo lamuni, wato ɗaukar alhakin ɓarnar.

Kafin ka taya kowane matokari, nemi hoto na kusa na waldar da ta haɗa ƙafafu da wuya, da haƙoran sandar daga gefe, da harshen yana zaune cikin haƙori. Haƙorin da bakinsa ya cinye ya zama zagaye, ko walda ta gida a kan ta kamfani, ko ƙusar da aka sa a madadin sakatar asali, kowanne ya isa ka janye. Sandar da yawansu zubin ƙarfe ce, tana iya karyewa lokaci guda ba tare da ta lanƙwashe ta yi maka gargaɗi ba, shi ya sa sabon fenti a kan tsohon kaya yake ba ni tsoro. Ka kuma lura, a da yawansu nauyin da aka rubuta na biyun ne a haɗe: tan 3 na nufin tan ɗaya da rabi kowanne. Mai sakata ta biyu bayan harshen ya fi aminci. Ka lissafa kuɗin aikowa tun farko, domin ƙarfe ne mai nauyi, sau da yawa arahar a nan take ƙarewa har sabo ya fi sauƙi.

In sun iso, ajiye kowanne a kan siminti mai daidai. Wanda ya yi rawa ƙafarsa ta karkace. Ja sandar haƙori bayan haƙori ka ji tana kamawa. Sauke mota a kai a wurin da kamfanin motar ya ware, ka tare tayoyin da ke ƙasa, ka girgiza ta da ƙarfi kafin kowa ya shiga, ka tura tayar da aka cire ƙarƙashin gefen motar. Kada a yi aiki a kan jak shi kaɗai, kada a tokare da bulo, kada a kafa matokari a kan ƙasa mai laushi. Wanda ka gano yana da aibi kuma bai mayu ba, kada ka sa shi a gwanjo kai ma: yanka shi da injin yanka ƙarfe, ka sayar da shi a matsayin tsohon ƙarfe.

Wallahu a'alam.