Tambayoyi da Amsoshi: Sauya Maɗaurin Agogon Motsa Jiki da Adafta

Tambaya: Maɗaurin agogona Casio G-Shock DW-5600 ya tsinke, na sayi na nailan mai faɗin milimita 22, amma ya ƙi shiga. Shin cutata aka yi?

Amsa: Ba a cuce ka ba, malam, awo ne ba ka yi ba. Tazarar da ke tsakanin kunnuwan wannan agogo, wato inda maɗauri ke shiga, milimita 16 ce kacal, sai dai maɗaurin roba na asali yana ƙara faɗi da zarar ya fito daga jikin agogon, shi ya sa ido ke yaudarar mutane. Abin da kake buƙata shi ne adafta guda biyu, waɗanda bakinsu ɗaya ke shiga gurbin milimita 16, ɗaya bakin kuma ya karɓi maɗaurin milimita 22.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda ake kashe kuɗi a kan adafta da maɗauri, sannan a yi watsi da siririn ƙarfen nan mai sifirin da ke riƙe da su. Dukkan agogon a kansa yake rataye, kuma adafta tana ƙara masa wahala, domin duk fizgar da maɗauri ya sha a kansa take ƙarewa. Kada ka mayar da tsohon da ya lanƙwashe ko ya yi tsatsa, ka sa sabo mai kauri daidai da gurbin. Kada kuma ka zaƙulo shi da wuƙa ko reza, akwai ɗan ƙarfe mai baki biyu da aka ƙera domin wannan aiki. Kunnuwan na roba ne, idan ramin da siririn ƙarfen ke shiga ya buɗe, babu adaftar da za ta sake zama. Bayan ka ɗaura, ka ja kowane ɓangare da ƙarfi kafin agogon ya hau hannunka. Ni na fi son irin maɗaurin da ake kira NATO, mai zarcewa ta ƙarƙashin agogo, saboda ko ɓangare ɗaya ya ɓalle, ɗayan zai riƙe shi.

Tambaya: Na sa wa agogona Garmin Fenix 7 maɗaurin NATO, sai ya daina nuna bugun zuciyata.

Amsa: Maɗaurin ne ya rufe na'urar da ke bayansa, wadda ke haska koren haske a fatar hannu domin ta auna bugun. Shawarar da na bayar a sama ba ta shafi irin agogonka ba. Ka koma maɗauri mai ɓangare biyu, irin na Garmin da ake kira QuickFit, mai faɗin milimita 22.

Tambaya: Adafta za ta sa ruwa ya shiga agogona?

Amsa: A'a, hajiya. Robobin da ke murfin baya da maɓallai ne ke tare ruwa, kuma ba ki taɓa su ba. Sai dai idan kina iyo da shi, ki guji maɗaurin fata, domin ruwa da gumi suna lalata shi da wuri.