Hukuncin wanda danna waya ke hana shi sallar asuba

Tambaya: Malam dan Allah ina da matsala, kullum bayan isha'i sai in ce minti goma kawai zan leƙa TikTok amma kafin in ankara biyu ta wuce, wani lokacin ma ina jin kiran assalatu a kunnena kafin barci ya kwashe ni, sai rana ta fito in farka in rama. Wani abokina ɗalibi ya ce ba ni da laifi tunda hadisi ya ce babu sakaci a cikin barci. Na goge manhajar na sake saukewa ba adadi, matata ma ta gaji da magana.

Amsa: Bismillahir Rahmanir Rahim. Ɗan'uwa Allah ya yaye maka, kuma damuwar nan da ta sa ka rubuto alheri ce, kar ka bari ta mutu.

Waya halal ce, ramuwa kuma wajibi ce da zarar ka farka, wannan ba sai mun tsaya ba. Inda na tsaya shi ne maganarka cewa kana jin kiran assalatu kafin ka yi barci. To ka lura, idan alfijir ya riga ya keto kana farke waya na hannunka, sallah ta hau kanka a wannan lokacin, kwanciyarka alhali ka san ba za ka tashi ba kuma ba ka sa kowa ya tashe ka ba haramun ce. In kuma kiran farko ne saura kaɗan alfijir, me zai hana ka tashi ka yi alwala ka jira, ai wanda ya iya awa biyar yana kallon bidiyo zai iya rabin awa a kan sallaya.

Sai maganar abokinka. Hadisin ingantacce ne, Muslim ya ruwaito shi daga Abu Ƙatada, kuma na san inda ya dogara, domin wasu malamanmu na Malikiyya masu sharhin Mukhtasar, littafin fiƙihun nan na Khalil, sun ce wanda ya yi barci kafin lokaci ya shiga ba shi da zunubi ko da ya san barcin zai cinye lokacin. Amma ni ban ga wannan maganar ta rufe ka ba sam. Su suna magana ne a kan barcin kansa, mutum ya gaji ya kwanta, ba su yi magana a kan wanda ya mayar da raba dare a kan abin banza sana'a ba har ya zama kowace safiya rana ce ke tashinsa. Ka duba lokacin da Annabi (SAW) da sahabbai suka makara a hanyarsu ta dawowa daga Khaibar shekara ta 7 bayan hijira, tafiyar dare suka yi suka jigata, duk da haka sai da ya sa Bilal ya yi musu gadin alfijir, barci ya rinjayi Bilal ɗin yana jingine da raƙuminsa. Wato an ɗauki mataki sannan barci ya yi galaba. Kai wane mataki ka ɗauka? Kuma Abu Barza ya ce Annabi (SAW) yana ƙin hira bayan isha'i, malamai suka ce daga cikin dalilan har da tsoron rasa asuba. Saboda haka ko an ce barcin naka babu laifi a cikinsa, laifin yana nan a ƙarfe ɗaya da ƙarfe biyu lokacin da kake da hankalinka kana cewa bari in ga ɗaya kawai.

Ban raina wahalarka ba wallahi. Da gangan aka gina manhajojin nan ba su da ƙarshe, Aza Raskin wanda ya ƙirƙiro salon jan shafi mara iyaka a 2006 shi da kansa ya fito ya nuna nadama, ga kuma datar dare mai arha da kamfanonin layi ke sayarwa daidai lokacin da ya kamata mutum ya kwanta. Amma jaraba ba hauka ba ce, alƙalami bai ɗauke maka ba, sai dai ma sanin rauninka ya wajabta maka toshe ƙofar.

Ka daina dogaro da gogewa, ka gwada ka ga ba ta yi. Wayar ta kwana a falo tana caji, ka sayi agogo mai ƙararrawa, ka daina sayen datar dare gaba ɗaya. Sannan matarka, ka ambace ta a ƙarshe kamar ba komai, alhali baiwar Allah tana kwance kusa da kai kana ba ta baya kana dariya da mutanen da ba su san ka ba, wannan haƙƙi ne daban da za a tambaye ka. Ka ba ta haƙuri yau, ka miƙa mata wayar ƙarfe goma, ka ba ta izini ta yayyafa maka ruwa da asuba. Abin da idonka ke faɗawa a kai a wannan daren kuma kai ka sani, ka haɗa da shi a tubanka. In bayan wata guda abin bai canja ba ka koma ƙaramar waya mai madannai, kuma in akwai damuwa ko rashin barci a ƙarƙashin abin ka je ka ga likita, babu kunya a ciki. Wallahu a'alam.