Tambayi Likita: Abin da ya haɗa ƙwayoyin gadonmu da na kifi, ɓera da shanu

Tambaya: Likita, ni malamin sakandare ne a Mabera, ilimin halittu nake koyarwa. Mun karanta cewa tun 2003 aka gama karanta kundin gadon ɗan Adam. To, sababbin ƙwayoyin gado da ake ta cewa an gano, daga ina suke fitowa?

Amsa: Malam, jera haruffa daban, fahimtar abin da suke faɗa daban. Aikin da aka soma a 1990 aka kammala a 2003 ya jera mana haruffan DNA kusan biliyan 3, sauran giɓin da ya rage kuma sai a 2022 aka cike shi. Amma ɓangaren da ke ba da umarnin ƙera furotin bai kai kashi 2 cikin 100 ba. Da can ana hasashen ƙwayoyin gadonmu za su kai 100,000, sai ga shi irin masu ƙera furotin ba su wuce kimanin 20,000 ba, kuma a warwatse suke cikin wannan tarin.

Dabarar zaƙulo su ita ce kwatantawa da sauran dabbobi masu ƙashin baya. Mu a Sakkwato mun san halin littafin hannu in ya daɗe yana bin hannun masu kwafi: bayanan gefen shafi kan sauya, wani ya ƙara, wani ya rage, amma matanin da ake dogaro da shi ba a yarda a taɓa shi. Haka DNA take. Inda ba ya wani aiki mai nauyi yakan tara sauye-sauye, inda kuwa rai ya rataya a kai, in ya gurɓace halittar ba ta kai wa ga haihuwa balle ta gadar da shi. Saboda haka idan aka ga layi guda a jikin mutum, aka same shi kusan yadda yake a ɓera, kaza, kwaɗo da kifi, an san ba a banza yake nan ba.

A 2002 aka karanta kundin wani kifin teku mai suna fugu, ɗan'uwan talibambam ɗin da masuntanmu suka sani. Kundinsa kashi ɗaya ne cikin takwas na namu, ga shi yawan ƙwayoyin gadonsa bai yi nisa da namu ba, don haka neman ya zo da sauƙi. Kwatancen ya nuna wurare kusan 1,000 a kundin mutum da ake kyautata zaton ƙwayoyin gado ne da ido ya tsallake.

Wasu kuma ƙanƙanta ce ta ɓoye su. An saba umartar kwamfuta ta yi watsi da duk furotin da tubalansa ba su kai 100 ba. A haka aka tsallake wata ƙwayar gado mai suna ELABELA, har sai 2013 da masu bincike a Singafo suka nuna cewa tana ƙera wani sinadarin saƙo mai tubala 32 kacal. Da suka kashe ta a ƙwan wani ɗan ƙaramin kifi mai zane-zane da ake kiwo don bincike, 'ya'yan suka fito zuciyarsu ba ta ginu daidai ba. Shi wannan kifin, kimanin kashi 70 cikin 100 na ƙwayoyin gadonmu suna da takwara a jikinsa. Ka faɗa wa ɗalibanka wannan, za ka ga sun daina hamma.

Tambaya: Likita, daga Arkilla nake. Yayata ta yi jijjiga a cikinta na fari, ni kuma yanzu cikina wata biyar. Gado ne? Akwai gwajin da zai nuna tun yanzu?

Amsa: Malama, Allah ya sauke ki lafiya. Wadda mahaifiyarta ko 'yar'uwarta ta yi hawan jinin masu juna biyu, wanda shi ne ke kai wa ga jijjiga, ta fi wasu kusa da shi, haka ma mai cikin fari. Sai dai ba ƙwayar gado ɗaya ke kawo shi ba. Ita ELABELA da na ambata, a 2017 an ga ɓeraye masu ciki da aka cire musu ita sun yi hawan jini, furotin yana fita a fitsarinsu. Sakamako ne mai jan hankali, amma na ɓera ne, bai zama gwaji ko magani a asibiti ba. Gwajinki shi ne na ranar awo: a auna jini, a duba fitsari. Idan ya kai 140 bisa 90 bayan mako na 20, ba a wasa da shi. Ki gaya wa ma'aikaciyar awo labarin yayarki, domin akwai waɗanda ake ɗora wa ƙaramin asfirin da sinadarin kalsiyam, bisa umarnin likita. Ciwon kai mai tsanani, gani dishi-dishi, kumburin fuska, ko ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, kada ki jira gari ya waye.

Tambaya: Likita, ni dattijo ne daga Tambuwal. An ɗora ni kan allurar insulin, sai wani ya ce mini daga alade ake yin ta.

Amsa: Baba, maganar tana da asali, amma ta tsufa. Daga 1922 da insulin ɗin shanu da na alade aka riƙa ceton masu ciwon suga, kuma ya yi aiki ne saboda kamannin da muke zance a kai: cikin tubala 51, na alade ya saɓa da namu a wuri 1, na shanu a wuri 3. Tun 1982 aka koma saka ƙwayar gadon mutum cikin bakteriya ko yis su ƙera shi a masana'anta, kuma irinsa ne ya mamaye kasuwa yanzu. Ku ci gaba da allurarku. Abin da ya fi damuna zafin garinmu ne, don yana kashe ƙarfinta. A ajiye a firji, ban da wajen ƙanƙara. In babu wuta, a ƙulle kwalbar cikin leda a sa ta a tukunyar ƙasa mai jiƙaƙƙen yashi, a inuwa.

Tambaya: Ɗiyata tana da sikila. Na ji an samu maganin da ke gyara ƙwayar gado. Gaskiya ne? Daga Wamakko.

Amsa: Gaskiya ne, Alhaji. Jariri yana zuwa duniya da wani nau'in jini na musamman da sikila ba ta lanƙwasa shi, sai wata ƙwayar gado, BCL11A, ta rufe shi cikin watannin farko, shi ya sa ciwon ba ya nuna kansa sai wajen wata shida. A 2007 zuwa 2008 aka gano aikinta. Ɓera ma yana da ita, kuma a 2011 aka kashe ta a ɓeraye masu sikila, jininsu ya gyaru. Maganin da aka gina a kan haka, Casgevy, ya samu amincewa a Ingila da Amurka a ƙarshen 2023. Ka lissafa, kimanin shekara 15 ke nan daga ganowa zuwa gadon asibiti. Kuɗin da aka sa masa a Amurka a 2023 dala miliyan 2.2 ne, kuma sai an kashe ɓargon mara lafiya da magani mai ƙarfi kafin a mayar masa da gyararren.

Abin da ke hannunmu yau shi ne maganin haidiroksiyuriya, wanda shi ma wancan jinin na jarirai yake ƙarawa. Ka tambayi likitan jini a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko ta dace da shi. Sai folik asid, rigakafi, gidan sauro, yawan shan ruwa, da rufe jiki lokacin hunturu. Sauran 'ya'yanka kuma a yi musu gwajin jinotayif tun ba a kai ga maganar baiko ba. AS da AS, kowane ciki yana da damar 1 cikin 4 ta zuwa da SS, kuma haihuwar mai sikila ɗaya ba ta kuɓutar da ukun da za su biyo baya.