Tayoyin Argo ɗina sun mutu, in sa na ƙwad mai manyan haƙora?

Tambaya: Salam Injiniya, barka da aiki. Ina zaune a arewacin Alberta a Kanada, bara na sayi Argo Frontier na hannu mai taya takwas, irin motar nan da ke tafiya a tudu kuma ta shiga ruwa ta yi iyo, da ita nake zuwa kamun kifi. Tayoyin da ke jiki 24x10-8 ne, uku sun cinye sun fara tsagewa a gefe, sauran biyar da ɗan dama. Na ga tayoyin ƙwad, babur ɗin daji mai ƙafa huɗu, inci 26 masu manyan haƙora kuma sun fi araha. In sayi uku in sa ne kawai ko yaya? Na gode.

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan uwa, Allah ya sa albarka a abin hawa. Gaskiya tun daga farko in faɗa maka, kar ka sa ukun nan, kuma kar ka sa inci 26 ɗin nan ko da takwas ɗin za ka saya gaba ɗaya.

Ka durƙusa ka leƙa ƙarƙashin motar taka, za ka ga babu sifirin babu shokozoba ko ɗaya, aksil ɗin kai tsaye ya fito daga jikin kwanon motar sai taya. Haka kamfanin Ontario Drive and Gear da ke New Hamburg a Ontario yake ƙera motocin Argo tun 1967, don in aka yi wa jikin ƙofofin sifirin ruwa zai samu hanyar shiga. Toh kaga tayar ita ce shokozobarka, shi ya sa ake ba ta iska kaɗan, wajen psi (ma'aunin iskar taya) 3 zuwa 5 a yawancin tafiya, ba irin 30 da wani abu na motar gida ba. Kuma in ka shiga tafki babu farfela a baya, tayoyin ne ke jan ruwa kamar filafilin kwale-kwale, gudun ma bai wuce wajen kilomita 5 a awa ba, sannan iskar da ke cikinsu tana taimakawa wajen ɗaga motar a saman ruwa. Taya ɗaya aiki uku take yi maka, ita kuwa tayar ƙwad don tudu da taɓo kawai aka yi ta, ba ruwan wanda ya zana ta da iyo.

Maganar ukun nan ita ce ta fi damuna. Tayoyi huɗu na kowane gefe cen ne, wato sarƙar ƙarfe irin ta babur, ya ɗaure su da juna, in ɗaya ta juya sau ɗaya dole sauran ukun su juya sau ɗaya, ba wadda ke da ikon kanta. Taya mai inci 24 zagayenta wajen inci 75 ne. A ce sabuwa 75 take, tsohuwar da ke kusa da ita ta cinye ta koma 73, bambancin inci 2 kenan a kowane juyi, ka ce ai ba komai ko? A kilomita ɗaya tayar tana juyawa wajen sau 525, ka lissafa za ka ga sabuwar tana son ta wuce tsohuwar da kusan mita 27, kuma ba halin wucewa tunda cen ya riƙe su. A cikin laka ko dusar ƙanƙara tayar za ta ɗan zame abin ya wuce, amma a busasshiyar ƙasa ko kan tsakuwa duk wannan ja-in-jan cen ne ke shan shi, daga nan sai haƙoran sipoket, sai boris, wata rana ka ji ƙas a tsakiyar daji inda ko sabis na waya babu. Na taɓa buɗe wata da mai ita ya sa sababbi biyu a gaba ya bar tsofaffi shida, wata uku kacal, cen ɗin gaba ya miƙe har yana dukan ƙasan kwano, kuɗin gyaran ya fi na tayoyin da ya ƙi saya.

In aljihu ba zai ɗauki takwas a lokaci ɗaya ba, wanda na san abu ne mai nauyi, toh ka canza gefe guda cif, huɗu sababbi a gefe ɗaya, sai ka zaɓi huɗu mafi kyau cikin biyar ɗin nan ka tara su a ɗaya gefen. Motar za ta riƙa ɗan ja zuwa ɓangaren tsofaffin kana gyarawa da hannu, ba daɗi amma cen ba zai wahala ba, kafin ka tara kuɗin sauran.

Ko sababbin ma kar ka yarda da lambar da ke jiki. Taya takwas daga kamfani ɗaya, lamba ɗaya, in ka auna za ka tarar ba su zo daidai ba. Ka hura su duka iska ɗaya, ka bar su su kwana, ka zagaya kowace da tef ta tsakiyar haƙora ka rubuta da alli a jikinta, sannan ka haɗa masu kusa da juna a gefe ɗaya, waɗanda suka ɗan fi girma su zauna a tsakiya, ƙananan a gaba da baya. Wannan yana sa juyawa ya yi sauƙi, don motar ba ta da sitiyari irin na mota, birki take kama wa gefe ɗaya ta murɗa kamar katafila. Ka nemi geji na ƙaramar iska mai tsayawa a psi 15, gejin mota ba ya ganin bambancin 3 da 4, kuma a sanyinku na Alberta ka auna a waje bayan motar ta huce, in ka auna a gareji mai ɗumi kana fita iskar za ta sauka.

Sai inci 26. Lambar 24x10-8 tana nufin tsayi inci 24, faɗi inci 10, rim inci 8. Yawancin tayoyin ƙwad masu inci 26 rim 12 suke hawa, kaga sai ka sake rim takwas, arahar ta tafi kenan. Ko ka samu rim ɗin, tsakanin aksil da aksil a ƙayyade yake, ka sa hannu tsakanin tayoyinka biyu yanzu ka ga ɗan filin da ya rage, in ka ƙara inci 2 a tsayi kowace taya ta ci inci ɗaya ta kowane ɓangare, ko su gogi juna ko su gogi jikin motar, kuma jikin nan roba ne, shi ne kwale-kwalenka. Akwai Argo masu hawa 25x12-9 irin su Avenger, amma an gina su ne a kan haka tun daga masana'anta. Ga nauyi kuma, tayar taɓo mai kauri ninki shida tana da tauri, bayanka zai gaya maka, kuma manyan haƙoran nan in sun kama ƙasa lokacin da kake murɗawa aksil ne ke biya.

Abin da za ka nema shi ne taya 24x10-8 wadda aka rubuta cewa don motar ruwa da tudu aka yi ta, mai zanen V, gefenta mai laushi. Dillalan Argo suna da ita, kuma a yankinku ba su da wuyar samu tunda masu aikin layin wuta da bututun mai a fadamun nan da suke kira muskeg da ita suke yawo. In kana da niyyar ɗaura mata sarƙar roba ta dusar ƙanƙara nan gaba ma, an yanka sarƙar ne daidai da tayar asali, wata tayar ba za ta zauna a ciki ba.

Wajen ɗaurawa ka tsaya a kan mai facin. Zanen V ɗin ana juya shi ne yadda bakin V zai riƙa kamfatar ruwa, wato akasin yadda ake sa tayar tarakta, wanda bai saba ba zai ga kamar kuskure ne ya gyara maka, kai kuma ka shiga tafki inji na ihu mota na tsaye wuri ɗaya. Ka ɗauki hoton yadda tsofaffin suke kafin a cire, ka kuma duba littafin motar don wataƙila mai ita na farko ya riga ya juya su. Ya goge bakin rim ɗin sosai, tsatsa kaɗan ta isa ta sa iska ta riƙa zurarewa, kuma a psi 3 taya ba ta da wuyar zamewa daga rim.

Gwajin farko ka yi shi a bakin ruwa marar zurfi ranar da ba iska, da rigar hana nutsewa a jikinka, ka tabbatar ka toshe ramukan zubar da ruwa na baya kafin ka shiga.