Ranar da dare ya yi mana da hantsi a Katsina

Ɗana, saƙonka ya iso, na kuma ji daɗin tambayar. Ka ce ka ji za a yi kusufin rana a 2027, kana son sanin ko a al'adarmu ana tsayawa kallo, tunda kakarka takan ce ba a ɗaga kai sama a irin wannan rana. Ka kuma tambayi dalilin kaɗa gwangwani.

Na gwangwanin mai sauƙi ne. Na kusufin wata ne, mu kuma yara ne masu yinsa. In wata ya yi ja da daddare sai a ce rana ta kama wata, wai ya bi hanyarta ta cafke shi. Sai mu kwashi gwangwanaye da fasassun kwanoni mu bi unguwa muna kaɗawa muna roƙon ta sake shi, manya kuwa suna gida suna salati da nafila. Abin ya yi mana daɗi, amma babu malamin da ya taɓa koyar da shi. Inuwar duniya ce kawai take faɗa wa wata.

Na rana kuwa, na gan shi da idona, kuma har in koma ga Allah ba zan manta ba. Ranar Laraba ce, 29 ga Maris 2006, ƙarshen watan Safar. Dama kusufin rana ba ya zuwa sai a ƙarshen wata, lokacin da wata ke gittawa tsakaninmu da rana. Inuwar ta taso ta Gana, ta bi Togo da Binin, ta shigo ta Shaki, ta ratsa Gusau da Katsina da Maraɗi, ta haura Libiya. Rediyo ta yi ta sanarwa kwana da kwanaki, duk da haka da yawa sun ce zance ne.

Tun bayan ƙarfe tara hasken ya fara canzawa. Ka san zafin Maris a garinmu, amma sai ga iska mai sanyi kamar ta asuba. Muna tsaye a gindin darbejiyar ƙofar gida, na duba ƙasa, sai na ga hasken da ke ratso ganye ya zama ƙananan jinjirin wata, ɗaruruwa, a kan tabarma da jikin katanga. Mahaifiyarka ce ta fara nuna mini. Wajen goma da rabi duhu ya rufo gaba ɗaya. Kaji suka nufi akurki, jemagu suka tashi, tauraruwa ta fito. Inda rana take sai baƙin faifai, da farin haske siriri kewaye da shi. Bai kai minti huɗu ba. Unguwa duka ta ɗauki kabbara, wani dattijo kusa da ni yana ta kuka, ni ma ban iya riƙe hawaye ba.

Mun yi salla a bayan liman, raka'a biyu, kowace da tsayuwa biyu da ruku'u biyu, babu kiran salla babu iƙama, karatu a ɓoye kuma mai tsawo. Wannan ita ce al'adar da ke da tushe. An yi kusufi a Madina ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW) ya rasu, mutane suka ce saboda rasuwar ne. Sai ya gaya musu rana da wata ayoyin Allah ne, ba sa kusufi don mutuwar wani ko rayuwarsa, ya umarce su da salla da addu'a da sadaka. Saboda haka in ka ji ana cewa wani babba zai mutu, ko ana neman wanda za a ɗora wa zunubin gari, kada ka sa bakinka. Wannan ɗabi'a tana ɓata mini rai ƙwarai.

Maganar kakarka kuma tana da gaskiyarta, domin rana tana ƙona ido ba tare da ka ji zafi ba. Wani yaron maƙwabtanmu ya ƙura mata ido ta gilashin da ya turara da hayaƙin aci-balbal, ya daɗe yana ganin ɗigo a tsakiyar duk abin da ya kalla. Kallo ta cikin kwaryar ruwa da muka gada shi ma ba kariya ba ne, haka baƙin tabarau na kwalliya. Sai tabarau na musamman da aka yi don kusufi. Ana cire shi ne kawai a ƴan mintocin da rana ta rufe ruf, da ta leƙo kuma a mayar.

Na 2 ga Agusta 2027 zai bi ta Masar da Makka, mu nan ba za mu ga cikarsa ba. Amma na 20 ga Maris 2034 zai ratsa kudancin Najeriya ya wuce Kamaru da Chadi. In Allah Ya kai mu, ka nemi tabarau tun da wuri, ka yi alwala, ka kai yaranka inda duhun zai cika. In da sauran ƙarfi a ƙafata, ka biyo ka ɗauke ni.

Ka gaida mutan gidan.