Kaka tana hana ni tsawata wa ɗana, yaya zan yi?

'Yar'uwa, kin ce da zarar kin tsawata wa yaron sai surukarki ta ce a ƙyale mata mijinta. Ai tsakanin kaka da jika wasa ne a al'adarmu, shi ya sa ma ake kai mata yaye. In alewa ce da shagwaɓa, ki kau da kai.

Amma salla, makaranta da shan magani ba abin wasa ba ne. Kada ki ja da ita a gaban yaron, nan take zai gane inda zai riƙa fakewa. Maigida ne zai same ta a keɓe, tunda mahaifiyarsa ce; in daga bakinki ya fito, raini za a kira shi. Ya roƙi Hajiya ta riƙa bari a gama hukunci kafin ta lallashe shi.